Injin goge mota yana tsayawa da zarar na danna shi: laifin injin ne ko na hannuna?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sana'a ku taimaka mini da haske. Na sayi injin goge fentin mota na lantarki, irin mai juyi biyu ɗin nan, wanda soson ke juyawa yana kuma karkarwa. Jiya na gwada shi a bonetin motata, baƙa ce. Abu uku suka dame ni. Idan na riƙe shi a sama soson yana juyawa kamar fanka, amma da na ɗora shi a kan fenti na danna sai juyin ya tsaya, sai karkarwa kawai, har hannuna ya mutu. Na biyu, man gogewar ya fantsama ko'ina, har gilashi da rigata. Na uku, bayan kusan awa biyu na duba motar a rana, sai ga zanen nan masu kama da saƙar gizo-gizo suna nan yadda suke, har kamar an ƙara wani hazo a kai. Injin ne bai da ƙarfi in mayar da shi, ko ni ne ban iya ba?

Ɗan Sa Ido:
Awa biyu a kan bonet ɗaya? Ai ka gode Allah da ba ka iso kan injin motar ba.

Mai Wankin Mota:
Wa alaikumus salam. Kada ka mayar da shi tukuna, ɗan'uwa. Tsayawar da kake gani ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera irinsa. A injin mai juyi biyu, motar lantarkin da ke cikinsa ba ta juya faifan da soson ke manne a kai kai tsaye. Abin da take yi shi ne ta riƙa kewaya da shi a wani ɗan ƙaramin da'ira, milimita 8 ko 15 ko 21 gwargwadon injin, shi kuma faifan yana zaune a kan boris, sakakke. Wannan kewayen ne ke wurga shi ya juya. Shi ya sa in ka danna da ƙarfi, ko ka karkata shi gefe ɗaya ya fi cizon fenti, ko ka shiga wuri mai lanƙwasa, sai juyin ya mutu. In kuma juyi ya mutu, aiki ya kusa mutuwa, karkarwa kaɗai ba ta cire zane.

Ka ɗauki maka ka ja layi ɗaya mai kauri a bayan faifan, inda idonka zai gani yayin da kake aiki. In layin yana zagayawa, kana aiki. In ya tsaya wuri ɗaya yana rawar sanyi, ka sassauta hannu ko ka daidaita injin ya kwanta sosai. Wannan layin zai koya maka abin da mu duka ba za mu iya koya maka da rubutu ba.

Tambaya: a lamba nawa ka sa gudun, kuma faɗin sosonka nawa?

Sabon Hannu:
A lamba 2 na bar shi, Yaya, tsoro nake kada in ƙona fentin. Lambobin daga 1 zuwa 6 ne. Soson kuma wanda ya zo da injin ne, faifan inci 6. A jikin kwalin an rubuta milimita 8.

Mai Wankin Mota:
To ai ga rabin matsalar nan. Lamba 1 da 2 na baza mai ne kawai. Aikin cire zane a 4 zuwa 5 ake yin sa. Sannan babban soso a kan inji mai kewayen milimita 8 nauyi ne gare shi. In ka samu faifai inci 5 da soso daidai shi, marar kauri sosai, za ka ga bambanci nan take. Amma ka duba takardar injin ka ga ko ya yarda da wannan girman, domin akwai wani ƙarfe a ciki da aka auna nauyinsa daidai da faifan. In suka saɓa, karkarwar ƙaruwa take yi.

Tsohon Mai Fenti:
Ni fa wannan injin mai rawa ban ɗauke shi injin aiki ba. Na yi shekaru ina goge fenti da mai juyi ɗaya da soson ulu, abin da za ku yi awa uku kuna lallaɓawa ni a rabin awa na gama. Yaro, in aiki kake so, ka nemi rotari, wato mai juyi ɗayan nan. Ba ya tsayawa don ka danna shi, ba ya maka gardama.

Mai Wankin Mota:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda ke jayayya da ku a kan saurin rotari. Amma hannunku ne ya saba. Wannan bawan Allah jiya ya fara. Rashin gardamar da kuke yabo ita ce haɗarin: injin da ba ya tsayawa, in ya hau kaifin fenda ko bakin ƙofa, daƙiƙu kaɗan sun isa ya cinye fentin har a ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ku lissafa: soso mai faɗin santimita 15 a juyi 1,500 a minti, bakinsa yana gudun sama da kilomita 40 a awa a kan fenti. Duk wannan gogayyar zafi take zama.

Kuma Baba ku yi mini afuwa, hazon nan mai kama da bakan gizo da ke bin mutum in yana zagaya baƙar mota a rana, ai sawun rotari da ulu ne. Motoci nawa ake kawo mana da shi mu cire da wannan mai rawar da kuke rainawa?

Tsohon Mai Fenti:
Wannan aikin wanda ya tsaya a rabin hanya ne. Ulu na yanka ne, ba na gamawa ba. Bayan ulu sai a koma soso mai laushi da mai mai laushi, a sauke gudu ƙasa da juyi 1,000, a bi a hankali, soson a kwance. Wanda ya yi haka ba zai bar sawu ba. Masu gaggawa ne ke ɓata wa rotari suna, su yanka da ulu su shafa kaki a kai ya rufe, mai mota ya tafi yana murna, wanki biyu asiri ya tonu.

Amma na yarda da abu ɗaya. Ni ma ban koya a kan motar mutane ba. Tsohuwar ƙofa aka ba ni daga cikin tarkace, na ƙona ta ya fi sau goma kafin a bar ni in taɓa mota. Wanda ba shi da ƙofar da zai ƙona, to ya zauna da mai rawarsa.

Ɗan Sa Ido:
A rubuta ranar yau, Baba ya ja da baya taku ɗaya.

Tsohon Mai Fenti:
Rabin taku.

Uwar Biyu:
Ku bar ni in sa baki, ni ba sana'ata ba ce, motata kaɗai nake gogewa, amma na yi duk kurakuren da ya lissafa. Maganar fantsamar mai: ka kunna injin a sama ne kafin ka ɗora shi, ko? Ni ma haka na yi ranar farko. Sai soson ya zauna a kan fenti ake kunnawa, kuma sai ya tsaya cak ake ɗagawa. Man kuma kaɗan ake sawa. In soson sabo ne busasshe, ka shafa masa ɗan mai ya ratsa fuskarsa, daga nan ɗigo uku ko huɗu ƙanana sun ishi kowane yanki. Ka dangwala soson a wurare kaɗan injin yana kashe, ka baza a lamba 1, sannan ka ƙara gudu. Mai in ya yi yawa soson jiƙewa yake yi, ya riƙa sulɓi a kan fenti maimakon ya ci.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rage saurin hannu. Ƙarar injin tana sa mutum ya riƙa gudu da shi kamar mai guga. Ashe tafiyar kamar ta hawainiya ake so, santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Yankin kuma ƙarami, kamar santimita 50 zuwa 60 kowane gefe. A bi dama da hagu, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, sannan a bi sama da ƙasa. Sau huɗu zuwa shida haka, a tsaya a share da tsumma mai laushi, a haska da tocila. Kai kuma ina jin bonet ɗin gaba ɗaya ka ɗauka a lokaci ɗaya.

Sabon Hannu:
Wallahi Yaya kamar kina wurin. Gaba ɗayansa na shafe da mai kafin in fara, kuma a waje nake, rana tana dukansa.

Uwar Biyu:
To shi ya sa man ya bushe ya zama hazo. Ƙarfe mai zafi ba a goge shi. Ka nemi inuwa, ka taɓa jikin da bayan hannunka, in da ɗumi ka jira.

Mai Wankin Mota:
Akwai abin da ba mu tambaye shi ba, kuma ya fi duk waɗannan muhimmanci. Me ka yi wa motar kafin ka kunna inji?

Sabon Hannu:
Na wanke ta da sabulu na tsane.

Mai Wankin Mota:
Wanki bai isa ba. Sa hannunka cikin leda mai siriri ka shafa fentin bayan wanki. In ka ji ƙurji-ƙurji kamar yashi, to akwai datti da ya kafe a jiki: kwalta, ƙurar birki, ƙaron bishiya. Soso zai tsince su ya riƙa jan su a kan fenti sau dubbai a minti, kana cire tsohon zane kana rubuta sabo. Ana cire su da wani abu mai kama da yumɓu da ake sayarwa don wannan aikin, ana fesa ruwan sulɓi ana shafawa a hankali har jikin ya yi santsi. In ya faɗi ƙasa, jefar da shi, kada ka yi masa rowa. Daga nan ka manna salatif na masu fenti a kan roba da baƙin filastik da tambarin mota, domin mai in ya shiga filastik mai kaushi fari yake bari, fitarsa aiki ne.

Soson ma ana share shi bayan kowane yanki ko biyu, da burushi ko iskar kwamfuresa. Kuma soso ɗaya ba ya gama mota. In ya cika da mai da fentin da ya kankaro, ya yi zafi, sai ya yi laushi ya daina ci, wani lokaci ma mannen bayansa ya saki. Ka tanadi huɗu ko biyar kana canzawa.

Mai Gyaran Inji:
Ina karantawa tun ɗazu, kowa ya wanke injin ya ɗora wa yaro laifi. Mai yiwuwa haka ne, amma a matsayina na wanda ake kawo wa waɗannan injinan in sun mutu, bari in faɗi yadda ake rarrabewa. Ƙanina, lokacin da soson ya tsaya, ƙarar motar injin ta canza ko tana nan yadda take?

In ƙarar tana nan daram, faifan ne kawai ya tsaya, to maganar Mai Wankin Mota ce, hannunka ne. In kuwa ƙarar ta faɗi, injin yana nishi, ko yana yankewa yana dawowa, to a duba wuta. Abu na farko wayar ƙari: doguwa siririya, ko wadda aka bari a naɗe a kan abin naɗinta, tana rage ƙarfi tana kuma yin zafi. Warware ta duka, ka yi amfani da mai kauri. Na biyu, inda waya ta shiga jikin injin, nan take karyewa ta ciki saboda lanƙwasa. In ka motsa wurin injin ya ɗauke, ka gano ta. Na uku, gawayin nan biyu da ke gogar amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin motar injin. In sun cinye za ka ga tartsatsi mai yawa ta ramukan iska, ka ji ƙauri, injin ya riƙa tashi yana faɗuwa. Canza su abu ne mai sauƙi, amma biyun tare ake canzawa, kuma in aka bari suka ƙare ƙaf, amechar suke ci. Ɗan tartsatsi kaɗan shuɗi ba komai ba ne.

Ka cire fulogi, ka juya faifan da hannu. Ya kamata ya juya sumul. In kana jin gurnani ko cijewa, boris ne. In kan injin yana zafi fiye da kima yana kuka, giris ɗin giyar ya bushe. Ramukan iska kuma a riƙa hure su, ƙurar mai da gashin ulu suna toshe su. Sannan duk wanda aka aiko masa da inji daga Amurka ya karanta jikinsa kafin ya soka: nasu bolt 120 ne, in ka ba shi 230 ba tare da taransifoma ba, aikinsa na farko shi ne na ƙarshe.

Sabon Hannu:
Ƙarar ba ta canzawa, Malam. Na juya faifan da hannu yanzu, sumul yake.

Mai Gyaran Inji:
To injinka lafiyarsa ƙalau. Na janye ƙarata.

Direban Dare:
Tunda ana maganar, ni ina da injin yankan ƙarfe irin na masu walda. Na ga zaren bakinsa, wato inda ake murɗa faifai, ɗaya ne da na faifan gogewa. In na ɗaura soso ba zai yi ba?

Mai Gyaran Inji:
Kul! Zaren zai shiga, M14 ne a yawancinsu, wannan ne ma tarkon. Ƙaramin injin yankan ƙarfe yana juyi kusan 11,000 a minti. Rotari na goge fenti da wuya ya wuce 3,000 zuwa 3,500, kuma ba a ma aiki a can sama. A wannan gudun fenti zai ƙone kafin ka ƙifta ido, soson kuma zai iya tarwatsewa ya same ka a fuska.

Tsohon Mai Fenti:
Yau ga abin da ni da yaran nan muka haɗu a kai. Ajiye shi.

Amma bari in faɗa wa mai tambaya abin da ya fi damuna, tunda kowa yana koya masa yadda zai sa injin ya ci. Ka san me yake ci? Fentin mota na zamani hawa-hawa ne: share fage a ƙasa, launi a tsakiya, sai kiliya a sama, wato wannan marar launin mai sheƙi. Duka-duka daga masana'anta kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kiliyar kaɗai kuwa wajen 35 zuwa 50. Takardar rubutu ɗaya ta fi ta kauri. Zanen da kake gani rami ne a cikin kiliya, inji kuma ba cike ramin yake yi ba, kankare kewayensa yake yi har su yi daidai. Abin da ka kankare ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Ita ce kuma ke kare launi daga rana. In ta yi siriri da yawa, bayan wani lokaci sai ka ga ta yi fari tana ɓarewa, maganinta sai sabon fenti.

Don haka ka ja farcenka a kan zanen. In farce ya maƙale, wannan ya yi zurfi, ka rage masa kaifi ka bar shi. Garin neman gira kada a rasa ido. In kuma ka ga launin motar a jikin soso, dakata: ko dai fentin irin na da ne marar kiliya, wanda wannan ba laifi ba ne a gare shi, ko kuma ka huda.

Mai Wankin Mota:
Wannan magana ta fi duk abin da na rubuta, Baba. Shi ya sa muke fara gwaji a ɗan yanki ɗaya da mai mafi laushi da soso matsakaici. In ya yi, shi ke nan, haka za a bi motar duka. In bai yi ba a hau mataki ɗaya. Kada kuma ka dogara da launin soso, kowane kamfani da nasa tsarin, ruwan ɗorawar wani na yanka ne, na wani na gamawa. Akwai na'urar auna kaurin fenti, tana da amfani, amma jimillar take ba ka har zuwa ƙarfe, ba kiliya kaɗai ba, kuma irin ta gama-gari ba ta karanta bamba ta filastik. Bambar ma a yi hankali da ita, filastik ba ya watsa zafi kamar ƙarfe. Fenti marar sheƙi kuwa, wanda aka yi shi dusu-dusu da gangan, inji ba ya taɓa shi sam.

Uwar Biyu:
Ƙarin abu ɗaya da ya taɓa yaudarata: wasu mayukan suna da maiƙo da ke cike zane na ɗan lokaci. Ka share yankin da ruwan share maiƙo, ko sifirit na aisofurofil da aka sirka da ruwa sosai, sannan ka haska. Abin da ka gani bayan nan shi ne gaskiyar aikinka. Wayar injin kuma ka rataya ta a kafaɗa, kada ta riƙa jan jiki a kan fentin da ka gama.

Sabon Hannu:
Na dawo da rahoto. Yau da safe a inuwa na sake wanki, na bi da yumɓun, abin da ya fito daga bonet ɗin da nake cewa mai tsabta ne ya ba ni kunya. Na raba bonet biyu da salatif, na ja layi a faifai, lamba 4 da rabi, ɗigo huɗu. Layin yana juyawa muddin injin na kwance, da na ɗan ɗaga gwiwar hannu sai ya tsaya, ashe karkata shi nake yi ban sani ba. Bayan bi biyar na cire salatif na haska: gefe ɗaya kamar madubi, ɗayan saƙar gizo-gizo. Zane biyu dogaye sun ƙi fita, farce yana kama su, na bar su kamar yadda Baba ya ce. Inda har yanzu nake fama shi ne lanƙwasar da ke gefen bonet, nan juyin yake mutuwa ko yaya na yi.

Mai Wankin Mota:
Madalla. Lanƙwasa sai ƙaramin faifai, inci 3, in injinka yana karɓa. In ba ya karɓa, ka bi tsawon lanƙwasar maimakon ka hau ta a gicciye, ko ka yi wurin da hannu. Akwai kuma injina masu juyi biyu da giya ke tilasta musu juyawa, irin Flex 3401, ba sa tsayawa, amma suna jan hannu, ba yanzu ba. In ka gama kada ka bar fentin tsirara, gogewa ta cire duk kariyar da ke kai, ka shafa kaki ko abin rufewa.

Tsohon Mai Fenti:
Sai dai in an yi wa wani ɓangare sabon fenti kwanan nan, wannan a tambayi wanda ya fesa kafin a rufe shi, yana buƙatar makonni ya gama bushewa ta ciki. Zane biyun nan kuma na san za su riƙa kiran ka duk safiya. Kada ka amsa.

Sabon Hannu:
In sha Allah, Baba. Gobe ƙofofi. Yaya Mai Wankin Mota, soson da na yi aiki da shi yau, in wanke shi da ruwan zafi ko na sanyi?

Mai Wankin Mota:
Mai ɗumi, da ɗan sabulu, yau ɗin nan kafin man ya daskare. Ka matse shi a tafin hannu, kada ka murɗe, ruwan zafi da murɗa su ke sakin mannen. Ka kife shi a kan abin da iska ke ratsawa, bayan yana sama, kuma kada ka ɗora shi a inji sai ya bushe sarai.